Fuskar da Aka Rataya wa Vernetta

Hoton ya kai tsayin ƙofar gida. Baƙar mace ce siririya mai wushirya, tana murmushi daga saman dandamali, an rubuta a ƙarƙashinta: Vernetta Gholston, Gwarzuwar Shekara.

Vernetta ta tsaya a bakin zauren wani otal a birnin Baltimore tana kallonsa. Ita dai tun da uwarta ta haife ta ba ta da wushirya.

Shekara talatin tana rubuta littattafan kisan kai da bincike, ƙungiyar marubutan ba ta taɓa kiran mace baƙar fata ta karɓi lambar yabonta ba sai yau. Ta ɗinka riga, jikokinta a Detroit na jiran hoto. Ga shi an rataya mata fuskar Claudine Pettiford.

Claudine kuwa tana teburin ƙarshe, kusa da ƙofar kicin, tana cin soyayyen naman ƙaguwa hankali kwance. Tare suka fara rubutu da Vernetta. Sun daina gaisawa tun ranar da wani mai shagon littattafai ya ce baƙar marubuciya ɗaya ta ishe shi, ya zaɓi Vernetta.

"Kin ga abin da suka yi?" in ji Vernetta.

"Na gani, 'yar'uwa. Na yi kyau, ko?"

"Tashi mu je ki gaya musu."

"Ni a wa? Tikiti na saya na shigo. Ke ce gwarzuwa, je ki yi bincike."

Zauren fa cike yake da Turawan marubuta, gwanayen gano mai laifi a littafi, masu kama makashi da tokar sigari ko gashi guda a kan matashi. Suka dubi hoton, suka dubi Vernetta mai faɗin fuska da tabo a goshi, suka yi ta tafi.

Ta tari shugabar ƙungiyar, Meredith Ashcombe, a gindin matakala.

"Madam, wannan ba ni ba ce."

Meredith ta gyara tabarau, ta ɗaga kai. "Haba, Vernetta! Dukkanmu haka muke ji in mun ga hoton ƙuruciya."

"Hoton Claudine ne. Ga ta can zaune."

"Kin tabbata?"

Kafin ta amsa aka kira sunanta. Ta hau, ta karɓi lambar. Jawabin da ta haddace ya gudu, ta ce ta gode kawai. Masu ɗaukar hoto suka ɗauke ta 'yar ƙarama a ƙarƙashin haƙoran Claudine.

Bayan abinci aka zaunar da ita a teburin sa hannu a littattafanta. Ta cire murfin alƙalami. Layi ya miƙe, amma can wajen ƙofar kicin, kowa rungume da littafin Vernetta. Claudine ta goge maiƙon yatsunta, ta karɓi na farko.

Wata dattijuwa ta zo wucewa tana fifita shafinta don tawada ta bushe. Vernetta ta leƙa. Claudine sunanta na kanta ta rubuta, manya-manya, ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa ya ji. Dattijuwar ta dube shi da ƙauna, ta rufe littafin.

"Yi sauri ki shiga layi kafin ta gaji," ta ce wa Vernetta. "Kirki gare ta."