Jemagun Rufina da Wandon Nafi'u

Autana Nafi'u ya shigo ɗakina, ya ja numfashi sau ɗaya, ya koma bakin ƙofa yana toshe hanci.

"Inna, nan ba wurin zaman mutum ba ne. Ƙarshen wata zan dawo. In na iske warin nan, ki haɗa kayanki, Maradi za mu."

Warin jemagu ne. Sun tare tsakanin kwanon rufi da katakon da ke ƙarƙashinsa, kashinsu na zubowa ta tsaga har kan littattafaina. Amma na daɗe da sanin Nafi'u dalili yake nema ya raba ni da Dakoro. Shekara talatin da ɗaya na koyar a lakwal, makarantar boko ta garin nan, gidan kuwa ni da marigayi mijina muka gina shi. Ɗakin da aka tanadar mini a Maradi na gan shi. Tagarsa bango take kallo.

Maƙwabciyata Uwale ta ji komai ta kan katanga. Motarsa na tashi ta shigo.

"Madam, ki turara musu barkono, ki liƙe ramukan da laka. Haka kowa ke yi. Ƙazaman banza, ta baki suke kashi."

"Ke kin taɓa gani?"

"Kowa ya sani."

"Ni na koya wa yara jikin jemage a kan allo, Uwale. Yana da mafita kamar taki."

Ta yi tsaki, ta ɗauki turmina aro ta fita.

Bayan kwana biyu wani dogon mutum mai rawani ya yi sallama, da tsani a kafaɗa. Ya ce sunansa Rhissa, mutumin Azagor, magini ne, kuma yana fitar da jemagu daga rufi ba tare da ya kashe ko ɗaya ba. Na tambaye shi wa ya turo shi. Ya ce Nafi'u.

Nan na gyara zama.

Ya zagaye gidan sau biyu, ya hau tsani, ya kara kunne a jikin katako, ya sauko yana kaɗe hannu.

"Hajiya, ƙofarsu ɗaya ce babba, can kusurwar gabas. Ƙanana huɗu. Amma ba zan taɓa su yanzu ba, sai bayan sati uku."

"Don mi?"

"Sun haihu. Farkon damina ne. In na tare iyaye a waje, 'ya'yan su mutu a ciki. Warin da za ki ji sannan, wanga na yanzu turare ne."

Na yi lissafi. Sati uku na jira, sannan kwanakin aiki, sannan shara. Ƙarshen wata saura kwana ashirin da bakwai ne, da ƙyar a gama kafin Nafi'u ya dawo. Ɗan da ke son ya ɗauke ni ya turo mai gyara, mai gyara kuma ya ce a jira. Yaran lakwal sun sha kawo mini irin wannan shiri, biyu su haɗa baki, ɗaya ya ɓoye littafin rubutu ɗaya ya rantse.

"Malam Rhissa, mi Nafi'u ya ce maka?"

"Ya ce in duba rufi."

"Shi ke nan?"

Ya gyara rawaninsa, ya ce ranar Juma'a ta uku zai dawo.

Washegari na sayi barkono tiya guda. Na ajiye shi kusa da kasko, na yi ta kallonsa. Uwale ta ce da ita ce da tuni an gama. Sai dai na tuna Kalla mai shago na bayan layinmu, wanda ya liƙe nasa rufin bara da rana tsaka, jemagu na ciki. Iyalinsa sun yi wata guda suna kwana a tsakar gida. Kowa ya ce aljanun gidan ne suka yi fushi. Ni na san abin da ya ruɓe.

Ban yarda da Uwale ba, ban yarda da Rhissa ba. Sai na ce bari in ji da kunnena.

Da magariba na zauna a kusurwar gabas da alli da ɗan allo. Suka soma faɗowa daga ramin, ɗaya, biyu, sai a jere. Na ja layi ɗari da goma sha shida. Da suka ƙare na shiga ɗaki, na rufe ƙofa, na hau kan akwatin ƙarfe, abin da gwiwoyina ba su yafe mini ba har yau. Na kara kunne.

Rufin bai yi shiru ba. Wani siririn kuka ne, tsi-tsi-tsi, daga wurare da yawa, irin na abin da aka bari yana jira.

Na sauko. Barkonon na ba Uwale ta yi yaji.

Duk da haka ban saki jiki ba. Mutum na iya faɗa maka gaskiya don ta yi masa amfani. Kowace magariba ina ƙirga, ina saurare. A sati na uku layukan allona suka kusa ɗari biyu, wasu ƙanana na fita suna tangaɗi. Rufin kuma ya yi tsit bayansu. Ranar Laraba ce. Ban jira Juma'arsa ba, na je da kaina inda yake aikin gini kusa da kasuwa.

"Sun tashi. Ɗauko tsaninka."

Ya dube ni, ya dubi allon da ke hannuna.

"Ƙirga su kika yi?"

"Kai ma na ƙirga kwanakinka."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Ƙananan ramukan huɗu ya cusa musu ragar ƙarfe ya shafe da siminti. Babban ya bari. Ya ce yana son ƙafar wando mai santsi, a ɗaura bakinta a ramin ta yi lilo ƙasa. Jemage zai zame ya fita, amma in ya dawo ba shi da inda zai kama ya hau.

Na shiga ɗakin baƙi. Akwai wandon roba da Nafi'u ke sawa in zai hau babur cikin ruwan sama. Na sa almakashi.

Kwana huɗu ina ƙirga. Ranar farko ɗari da casa'in, ta biyu bakwai, sannan babu. Sun yi ta kewaya kusurwar suna bugun roba, daga baya suka koma tsohon rumbun da ke bayan gida, wanda ba hatsi a cikinsa tun rasuwar maigida. Rhissa ya liƙe babban ramin, ya ɓalle katako biyu, ya ɗaure hanci, ya kwashe kashin buhu uku. Na sa ya zuba a gindin zogalena. Muka wanke ɗakin da ruwan toka, muka bar tagogi a buɗe.

Yana ɗaure tsaninsa na sake tambayarsa.

"Yanzu faɗa mini. Mi ya ce maka?"

"Ya ce kada in yi sauri."

"Ka gani!"

"Na ce masa ni dama ba na sauri. Amma don jemagu ne, Hajiya, ba don shi ba."

Ranar talatin ga wata Nafi'u ya iso, bayan motarsa fayau, an kwashe komai don a sami wurin kayana. Ya shiga ɗaki ya shaƙa. Ya je kusurwa ya shaƙa. Har ƙarƙashin gado ya leƙa.

"Akwai ɗan saura, Inna."

"Daddawa ce. Miya nake yi maka."

Ya fito tsakar gida, sai idonsa ya faɗa kan igiyar shanya. Na wanke wandon na rataye shi, ƙafa ɗaya.

"Wannan ba nawa ba ne?"

"Naka ne. Ya yi aiki. Ɗaya ƙafar na ajiye ta, ko za su dawo baɗi."

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya tambaya ko tuwon ya kusa.