Furar da Habsa ta tace

Shekarar da Kailu ya dawo daga Yamai, mutanen Filinge sun yi ta zuwa kallo kamar an kawo sabon doki, alhali ƙashi da fata aka sauke daga mota. Lokotoron Nasara ya yanke masa ciwon daji a hanyar abinci, ya ɗinke abin da ya rage. Ya kuma ja kunnen matarsa Habsa: abin sha kaɗai, tatacce, kurɓi-kurɓi, yana zaune, ba a kwance ba. Gaya ɗaya na fura in ya maƙale, shi ke nan.

Habsa kuwa duk unguwar an san ta da fura mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Yanzu sai ta dama ta tace da ƙyalle har sau uku, ta kai masa ɗaki a ɓoye. Don tausayi ta mayar da turmi gidan maƙwabta, ta sa a riƙa cin tuwo bayan rumbu kada ƙamshi ya dame shi. Ita a ganinta gata take yi masa. Shi kuma, mutumin da shekara talatin bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, sai ya ga an riga an cire shi daga cikin masu rai. Ya yi kurɓi biyu ya ture ƙoƙon. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma bayan ɗaki ta yi kuka, mutum sai ƙara zubewa yake.

Da aka gama girbi sai ga Jibo, makiyayin da kowace kaka yake sauke shanunsa a gonar Kailu su ci kara su bar taki. Tun iyayensu ba a ɗaure wannan magana sai mai gona da mai shanu sun sha fura ƙwarya ɗaya, mai gida ne kuma ke fara sa ludayi.

Hankalin Habsa ya tashi. In ta dama mai kauri ta kashe mijinta. In ta fitar da tsararo gaban baƙo mai nono, ta ci mutuncin gidan. Ta daɗe tsaye da ƙyallen a hannu, sannan ta tace, ta ɗauka ta kai zaure, kunya kamar ta nutse.

Jibo ya dubi ƙwaryar, ya dubi wuyan abokinsa. Kailu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi hanƙuri, abin da ni ka iya sha ke nan."

"Mi ag gare ta?" in ji Jibo. "Haƙorana ma sun gaji. Bisimilla, kai am mai gida."

Kailu ya kurɓa. Jibo ya jira har ya ga ta wuce, sannan ya ɗebi daidai wannan ɗan kurɓin. Haka suka yi ta yi, suna zancen wata saniya mai taurin kai, tun la'asar har aka kira magariba. Habsa na laɓe bayan zana tana ƙirga. Da ta ɗauki ƙwaryar ta tarar babu komai, sai ta zauna a ƙasa tana hawaye, don a ranar ta gane abin da ta yi masa wata biyu. Kashegari ta dawo da turminta tsakar gida.

Kara ya ƙare a gona, Jibo ya tura shanu gaba da ƙannensa, shi ya zauna. Kullum la'asar yana zaure. Kailu bai warke ba, amma ya ga farkon damina, ya rasu da mutane a gefensa.

Da kaka ta zagayo Jibo ya yi sallama. Habsa ta dama masa irin ta da, mai kauri, ta aje. Ya juya ludayin a ciki, bai kai baki ba.

"Habsa," ya ce, "in ƙyallen nan na nan, ki tace mini."