Allon Ɗakin Jira

Injiniya na tsaye bayan layin marasa lafiya lokacin da ta hango wata babbar matsala. Matar da ta gama duba sakamakon gwajinta a kwamfutar ɗakin jira ta tafi tana share hawaye, amma sunanta da sakamakon suna nan ɓaro-ɓaro a allo. Ga wani dattijo yana jan ƙafa zuwa wurin.

Nan take ta gane inda ta yi kuskure. Ita ta rubuta manhajar. A ɓangaren da ke tantance masu shiga manhajar, ta bar saitin yadda ya zo, wato ya riƙe duk wanda ya shiga har sai ya fita da kansa. A kwamfutarta ta yi ta gwaji, inda ba mai taɓawa sai ita. Wa zai tuna da fita bayan ya ga mugun labari?

Manajan kamfaninsu na gefe da shugabar asibitin, sai washe baki yake kamar shi ya rubuta. Yau ake ƙaddamar da manhajar, kuma ya riga ya ce wanda ya ba shi kunya ya nemi wani aikin.

Ta ratsa layin, ta kife tafin hannunta a kan allon, ta kashe na'urar.

Manaja ya iso, murya ƙasa-ƙasa. "Ke, lafiyarki kuwa? Kunna."

"Ranka ya daɗe, tana nuna wa kowa sirrin wanda ya gabace shi."

"Ki gyara anjima mana. Ana kallonmu fa."

"Kafin anjima mutum nawa za su wuce?"

Ya yi mata kallon da ta san ma'anarsa, ya juya. Ta dubi dattijon.

"Baba, ka ga abin da ke rubuce?"

Ya yi 'yar dariya. "'Yata, ni da ban iya karatu ba? Dama cewa zan yi ki karanta mini nawa."

Manaja ya waiwayo. "Kin ji ko? Kunna."

Ta dubi wanda ke bayan dattijon a layi. Wani saurayi ne, da tabarau, yana karanta takardar magani. Ta sunkuya ta zare wayar daga bango, ta naɗe ta a hannunta.