Ƙadangaren Cikin Randa

Sunana Ɗangoma, amma a garinmu na Kurfai mai tarkace ake ce mini. Ina da dutse mai huda a tsakiya, da zangarniyar gero mai kai biyu, da ƙahon rago da ya murɗe har ya koma inda ya fito. Lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba, na dai fito da ɗan karatu. Matata Tambara ba ta taɓa ganin amfanin ko ɗaya ba.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki a Yamai, idanun Tambara suka koma rawaya. Muka ce ciwon shawara ne. Ta sha saiwoyi, danginta masu bori suka yanka baƙar akuya, malam ya ba da rubutu. Cikinta kuwa sai tashi yake yi, har mata suka fara tsokanarta a bakin rijiya.

"Tambara, da furfura? Yaushe ne suna?"

"Ku dai tanadi rago," in ji ta.

Bayan kaka wasu likitoci suka zo Filinge suna binciken ciwon hanta. Ɗiyarmu ta fari, Dijatu, da ke aikin jinya a Yamai, ita ta aiko mu je. Sunan nan rubuta shi na yi, ban faɗa ba. Tambara kuwa tun ranar suna bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce waccan.

Suka ɗebi jininta, suka shafa mata wani mai a ciki, suka goga wata ƙaramar na'ura. Sai ga hantar matata a gilashi, duk ƙulle-ƙulle kamar gonar da shanu suka tattake. Na daɗe ina kallo. Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa ganin cikinta ba. Na roƙi likitar ta nuna mini tawa, ta yi dariya, ta ce wani jiƙon.

Ba a jima ba Dijatu ta zo gida. Ta zauna a bakin tabarma ta yi mana bayani. Hantar ta ƙare. Amma cikin binciken akwai wata asibiti a ƙetare da ke karɓar mutane kaɗan, a yanki wani ɓangare na hantar ɗan'uwa mai rai a dasa wa maras lafiya. Ta ce an gwada jininta, ya dace da na uwarta.

"Inna, tawa za ta sake tohowa. Haka Allah ya yi hanta. Amma sai kina da sauran ƙarfi za su karɓe ki."

Tambara ba ta dube ta ba, ni ta duba.

"Ka ji mini. Duk layyar da na gyara, ban taɓa ganin hanta ta toho ba. Ka gaya wa waccan ta koma aikinta."

Dijatu ta yi kuka, ta koma. Ni kuwa maganar ta ƙi fita daga kaina. Nama ya toho kamar yaɗiya! Ina cikin wannan tunani sai kyanwa ta cafki wani ƙadangare a jikin rumbu, ya kuɓuce ya bar mata wutsiya. Na kama shi da hula, na kai gaban Tambara.

"Dubi nan. In wutsiyar wanga ta toho, kin yarda hantar ɗiyarki za ta toho?"

Ta dubi ƙadangaren, ta dubi sararin sama.

"Ranar da ta fito, in tafi," in ji ta. "Amma sai na gani da idona."

Na yi murna kamar yaro. Na samo tsohuwar randa, na zuba rairayi, na sa shi ciki, na rufe da rariya. Ina tono masa gara, ina kama masa fara. Na san jikin ƙadangare da rana yake aiki, ga shi sanyi ya shigo, don haka kowace safiya nakan ajiye randar a tsakar gida inda hantsi ke fara sauka, kafin in tafi gyaran shingen garka. Na aika wa Dijatu labarin ƙadangaren, na ce ta shirya, uwarta ta kusa yarda.

Wurin ya warke, ya yi baƙi, daga nan ya tsaya. Ina aunawa da tsinke, babu ƙari. Ƙadangaren ma ya daina cin kirki, ya lafe. Tambara kuwa ƙafafunta sun kumbura, har aka kai ta Filinge aka zuƙe mata ruwan ciki, ya sake taruwa.

"Mai tarkace, yaya majinyacinka?" takan tambaye ni.

"Yana nan tafe."

"To, mu ma muna nan."

Wata rana na manta da wuƙata, na dawo gida da hantsi. Randar ba ta inda na bar ta. Ga sawunta a ƙasa, an ja ta har ƙarƙashin rumbu, cikin inuwar da rana ba ta shiga. Kusa da ita Tambara ce zaune, ta jingina da dutsen rumbu tana haki, zufa ta jiƙa mata goshi duk da sanyin. Matar da ba ta iya ɗaga tulu. Ashe haka take yi kullum, in na kusa dawowa ta mai da ita.

"Don mi?" na ce.

"Na san wutsiya tana tohowa," in ji ta. "Tun ina yarinya nake ganinsu. Ba wannan ba ne."

"To mene ne?"

"Likitar nan na tambaye ta ranar da aka zuƙe mini ruwa, kana can kana kallon gilashi. Na ce wanda aka yanka don ya ba da hanta yakan mutu? Ta ce da wuya ƙwarai, amma yakan faru. Waccan tana da 'ya'ya ƙanana. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba. Abin da zan iya yi mata ke nan."

Na sunkuya na kama bakin randar. Ba nauyi gare ta ba, da hannu ɗaya ma zan iya kai ta rana. Tambara ba ta hana ni ba, kallona kawai take yi da idanun nan rawaya. Na daɗe a sunkuye. Daga baya na sake ta, na zauna kusa da matata a inuwar.

Da Dijatu ta gaji da jira ta zo da mota, ta ɗauki uwarta ko tana so ko ba ta so. A Yamai likitoci suka duba, suka ce lokaci ya wuce, jikinta ba zai ɗauki aiki ba. Muka dawo da ita gida. Hankalinta ya fara gushewa, tana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. A nan ne na ji sunan a bakinta.

"Dijatu fa? Ba su taɓa ta ba ko?"

"Ga ni, Inna. Ba wanda ya taɓa ni."

"To, madalla."

Ta rasu farkon bazara. Bayan masu gaisuwa sun watse na tuna da randar. Zafi ya riga ya shiga har ƙarƙashin rumbu, ga wutsiya ta fito, gajeriya, baƙa, mai dunƙulallen baki. Dijatu ta leƙa ta gani.

"Baba, da Inna ta jira kaɗan."

Ban gaya mata zancen inuwar ba. Na karkata randar a ƙasa. Ƙadangaren ya daɗe bai fito ba, sannan ya ruga ya haye rumbu.