Maganin Tanna a Finjalin Shayi

A rugarsu ta wajen Takanamat, kowa ya san Alƙasum da shayi. Shi dai a wurinsa, duk abin da aka cika wa ruwa an kashe shi, ko fura ce sai ya yi mita.

Da zawo ya kama 'yarsa Tanna, wadda ko yaye ba a yi mata ba, matarsa Kadidiya ta kai ta likitar gari, wato ɗan asibitinsu. Aka ba ta garin gishiri da sukari a 'yan ƙunshi, aka ce kowane ɗaya a zuba shi cikin litar ruwa. Alƙasum ya ji haka ya ce ai wannan rowa ce irin ta ma'aikata, suna tsinka magani don ya isa kowa. 'Yarsa ba za ta sha tsararo ba. Ya juye ƙunshi guda cikin finjalin shayinsa, ya kaɗa, ya ɗura mata. Kadidiya ta yi magana, ya ce ita me ta sani.

Zawon ya ƙaru. Yarinya ta yi ta amai, tana wawurar duk ƙwaryar da ta gani, leɓenta ya bushe. Alƙasum ya ga ciwo ya yi ƙarfi, sai ya ƙara kauri. Da maɗigarta ta faɗa, kuka ma ya gagara, tsoro ya kama shi, suka hau babur sai babban asibitin Tawa.

Likitar yara, Hafsatu, ta ja fatar cikin Tanna, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta sa aka ɗaura mata ƙarin ruwa, sannan ta tambayi yadda ake dama maganin. Alƙasum ya zaro finjali daga aljihu, har da ɗan alfahari. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce gishiri in ya yi yawa, shi ke janye ruwan jikin yaro. Ta dama ƙunshi guda cikin finjalin, ta miƙa masa.

"Kurɓa ka ji."

Ya kurɓa, ya tofar, idonsa ya kawo ruwa.

Tanna ta tashi, bayan ta sha wuya. Ranar da ta kama nono, Kadidiya ta dube shi, ba da fushi ba.

"Shayi ko na baƙo ne, ba ka miƙa shi sai ka ɗanɗana," ta ce. "Ɗiyarka ɗai ce ka ba abin da ba ka taɓa sa wa baki ba."