Hasken Azahar a Idon Genta

Tun da aka aske wa Genta tukkunsa ya bar kokawar sumo ta ƙattai masu ƙiba, ya koma ƙauyensu a Aomori, idonsa na hagu ya fara hazo. Likita bai ɓoye masa ba: ciwon suga ne, in bai rage wannan jiki ba, na daman ma zai bi sahu.

Sai ya ɗaura ɗamarar rage ƙiba, irin tasa. Da sassafe ya fita ciki fayau, ya yi ta zagaya gonakin tuffa har zufa ta jiƙa masa riga. Tsakar rana ya dawo wujiga-wujiga, ya zauna gaban tukunyar miyar kaza da kabeji, ya share shinkafa, ya miƙe a shimfiɗa, sai barci. A barcin nan yakan ga kansa ba nauyi, yana shawagi bisa rassan itatuwa, iska na kaɗa shi kamar rigar da aka shanya, komai kuma tar a idonsa. In ya farka ya hau ma'auni, ko gezau. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma bai gaya wa kowa ba.

Matarsa Fumie ce ta gaji da kallo.

"Baban Koharu, wai da wa za ka kara ne?"

"Kamar yaya? Rage jiki nake yi. Ko karin kumallo ba na yi."

"Sannu da ƙoƙari! Yunwa da safe, tukunya da rana, barci a kai. Ba haka ubangidanka ya kiwata ka ba?"

Haka ne kuwa. Tun yana matashi da wannan ake ƙosar da su a gidan kokawa, bawan Allah bai san wata rayuwa ba.

Washegari ta ajiye masa ɗan kifi da shinkafa kaɗan tun da safe. Bayan abincin rana ta naɗe shimfiɗarsa ta kulle a kabad, ta kora shi ƙofar gida. Ya zauna barci na fizgarsa. Rana ta kwanta luf a kan gonaki, mazari na yawo bisa ruwan rafi, can nesa dutse ya yi shuɗi. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya daɗe yana kallo da na dama.

"Fumie," ya ce a hankali, "ashe kullum haka gari yake a wannan lokacin, ina can ina barci?"

"Kullum. In fito maka da shimfiɗar?"

"Bar ta a kulle. Ban gama kallo ba."