Sa Hannun Maman Biyu

Bayan haihuwarta ta huɗu, wadda ta kusa tafiya da ranta, Maman Biyu ta je asibiti neman allurar tazarar haihuwa. Mai ba da kati ya ce sai mijinta ya sa hannu. Ta kira shi a waya, ta zauna tana jijjiga jaririyarta.

Ba a jima ba ya shigo da kayan gareji, hannuwa duk baƙin mai, yana haki, don ya ɗauka wani abu ya same ta. Da ya ji dalilin kiran, ya dubi mai katin.

"Malam, ni na yi naƙudar? Ita ta sha wuya, ni kai-komo kawai na yi a waje."

Babbar ungozoma ta leƙo, ta duba takardar. Ta ce doka ba ta nemi hannun kowa ba sai na mai jikin, ta miƙa wa Maman Biyu biro.

Ta karɓi biron, ko da yake rabonta da rubuta sunanta tun makaranta. Mijin ya goge tafinsa a wando, ya karɓi jaririyar.

"Rubuta a hankali, ba inda za mu."

"In ka ɓata mata riga, kai za ka wanke."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ta sa hannu, ungozoma ta ja ta ciki tana dariya. Shi kuwa ya tsaya bakin ƙofa, matan da ke kan layi suna yi masa tsiya.